Siton Alhaji Raji a Hannun 'Yarsa

Litinin, 5 ga Mayu

Yau Alhaji Raji ya kawo 'yarsa Sherifat sito, ya ce daga yanzu ita ce manaja, shi ciwon ƙafa ya hana shi zirga-zirga. Yarinyar da na sani tana hawa buhunan shinkafa ina sauke ta. Ta durƙusa har ƙasa, "Baba Gana, ina kwana," da Hausarta ta 'yan Fagge. Wai karatun harkar sito ta yi a jami'a. Sito ma har da karatu! Ni dai shugaban 'yan dako ne, nawa ido.

Laraba, 14 ga Mayu

Ba ta zaman ofis. Ta hana mu ƙona kwalaye da leda a bayan sito, yanzu ninke su ake yi, masu sake sarrafawa su zo su kwashe. Karyayyun katakan da muka jibge a lungu ta kira Ambrose kafinta daga Sabon Gari ya gyara, a kansu ake ɗora buhu, ba a ƙasa ba. Fulawar da ta zube aka share, masu kaji take ba. Kayan da ya riga shigowa shi zai riga fita. Ta kuma ja jan fenti a bango, ta ce kada jeri ya wuce nan.

Inna mai koko ta leƙo ta yi mata godiya, wai tun da hayaƙi ya ɗauke jikanta ya daina tari da asuba. Ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Alhamis, 22 ga Mayu

Sallah ta matso, tireloli sun yi layi har wajen tashar jirgi. Sherifat ta tafi Kaduna ganin wani dila. Alhaji ya bugo waya ya ce a sauke sukari duka, ko ina ne a tura shi. Na tuna masa da jan fenti. Ya ce fenti ne ya gina siton? Muka jera har kusa da kwanon rufi.

Talata, 27 ga Mayu

Innalillahi. Jerin sukari ya rufto wa Chimezie, abokin aikinmu mai 'ya'ya uku, ana shirin sauke na saman da Sherifat ta ce a sauke da ta dawo daga Kaduna. Ƙara kawai na ji. Kafin mu dawo hayyacinmu tana kan buhunan, ta yar da mayafi tana ja tana kiran sunansa. Buhun da ko ƙato sai ya yi nishi in ya ɗauka. Farcenta biyu sun cire, ba ta ma sani ba. A motarta muka kai shi asibiti, kansa a cinyata.

Ƙafa ce ta karye. Da ransa.

Laraba, 28 ga Mayu

Da safe muka tarar da kwaɗo a ƙofa, tana zaune a kan benci riƙe da mukulli. Diloli suna ta faɗa. Alhaji da kansa ya zo a Keke Napep, yana dogara sanda. Ya ce ta san asarar da za a yi kuwa, Sallah saura mako? Ba ta ɗaga murya ba. Ta durƙusa, ta miƙa masa mukullin da hannu biyu, ta ce, "Baba, sitonka ne. In ka buɗe yau, sai dai ka nemi wani manajan. Ni ba zan sake ɗaukar ɗan wani a mota ba."

Ya daɗe yana kallon yatsunta da aka naɗe. Ya yi magana da Yarabanci, ban ji ba. Sai ya mayar mata da mukullin, ya juya.

Na sha ganin masu taurin kai. Irin wannan ban gani ba.

Asabar, 31 ga Mayu

Mun sauke komai mun sake jeri, an bar hanya tsakanin layuka. Tare da ita. Bayana kamar ba nawa ba.

Lahadi, 8 ga Yuni

Na kai wa Chimezie naman Sallah. Matarsa Blessing ta ce ashe kullum manaja sai ta zo.

Litinin, 16 ga Yuni

An kawo motar ɗaga kaya, ƙarama mai batir, da sola ake cajinta. Abin da mu goma ke yi sai ta yi shi tana wani siririn kuka. Babu wanda ya ci abincin kirki. Ina hanyar gida Rijiyar Lemo ina tunanin abin da zan gaya wa matata Ni'ima in an sallame ni, mace da yara a makaranta. A shekaruna wa zai ɗauke ni?

Talata, 17 ga Yuni

Ta tara mu. Ba wanda za a kora. Lodin ƙananan motoci da rarraba kaya cikin kasuwa duk namu ne, abin da ta ƙi shi ne mutum ya hau sama da buhu a ka. Mutum biyu za su koyi tuƙin motar, Chimezie in ya warke, tunda a zaune ake yi, sai ni. Na ce, "Hajiya, ni da ko keke ban iya ba?" Ta ce, "Baba, bayanka ya yi wa gidanmu aikin da ya isa." Na ce a ba wani. Ta ce za ta jira.

Sai da na je alwala na tsaya na daɗe ina wanke fuska.

Asabar, 12 ga Yuli

Bayan la'asar aiki ya lafa, Chimezie ya zo da sandunansa gaishe mu. Shi ya dame ni, wai in hau ya ga yadda kujerar take. Don shi na hau. Na ɗaga shinkafa katako guda, na kai ta lungu, na ajiye, ko gezau. Yana ta tafi kamar wani yaro. Manajarmu na bakin ofis, ta yi kamar waya take dubawa. Na ce mata gwadawa kawai na yi. Ta ce to.

Litinin da sassafe dai babu cunkoso, in mutum zai sake gwadawa.