Hannun uwarta ne ya zubar da maganin, amma ni na ce a zubar

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah ka saka mini wannan ba tare da sunana ba, sunan da zan ambata a ciki ma ba na gaskiya ba ne. Don Allah ku ba ni shawara. Ni dattijo ne, na haura sittin, na san da yawanku sa'annin 'ya'yana ne, amma abin da ke cina ba na majalisa ba ne, don a garinmu kowa ya san kowa. Karatun bokona bai wuce firamare ba, inda kuka ga kuskure ku yi haƙuri.

Ni mutumin bakin ruwa ne daga yankin Warra, sana'ar su na gada wajen ubana, daga baya na koma tuƙa jirgi mai inji ina ƙetarar da mutane ranar kasuwa. Ina da ɗiya, zan kira ta Hajo, tana karatun likita, yanzu ta kai matakin da ake fitar da su daga aji a shigar da su asibitin koyarwa su koyi aiki a kan marasa lafiya. Sashen da take ciki shi ne wanda ba a yin fiɗa, na ciwon zuciya da ƙoda da hanta da hawan jini. Duk zuri'armu ba a taɓa samun wanda ya kai nan ba. Matsalar tsakanina da ita ce, amma ita ba ta ma san akwai matsala ba, sai na koma baya kafin ku gane.

A wajenmu lokacin da muke tasowa, in yaro namiji ya fara fitsari da jini ba a ɗaukarsa ciwo. Tsargiya ce, kowane yaro mai wanka a tafki yana yi, manya ma cewa suke alama ce ta ya fara zama namiji. Ni na yi, ubana ya yi, in yaro bai yi ba har tsiya 'yan uwansa ke yi masa. Ɗana na fari, wanda ba zan kama sunansa ba ko a nan, da ya fara nasa ni daɗi na ji. Ana nan sai ma'aikatan lafiya suka zo makarantarsu suka duba fitsarin yara, suka ba da wasu ƙwayoyi manya farare, suka ce a ba su bayan sun ci abinci. Ni kuma a bakin jirgi na riga na ji ana cewa maganin nan tsayar da jinin yake, kuma duk yaron da aka tsayar masa ba zai haihu ba. Da yaron ya kawo nasa gida ya miƙa wa Innarsu, na ce ta je ta zubar bayan ɗaki. Ta tsaya riƙe da su, ta ce a hankali, “Malam, da an bari wannan yaron ya sha, tun da an ce ciwo na.” Na ce ke kin fi ubana sani ne? Ta je ta zubar. Kun san kunyar ɗan fari, uwa ba ta kama sunansa, ba ta tsaya masa a gaban mutane, to ita tata ma ta fi ta kowa, iyakar abin da ta iya faɗa ke nan. Mutanen nan sun sake dawowa a wasu shekarun, duk zuwan da suka yi na hana, har na ce ranar rabon magani ya bi ni jirgi.

Yaron ya girma, ya zama ƙaƙƙarfa, shi ke jan taru, shi ke tayar mini da inji in ya ƙi. Ya ɗan haura ashirin, ana maganar aurensa, sai ƙafafunsa suka fara kumbura, fuska ta biyo, fitsari ya ragu, ga amai. Daga ƙarshe sai shaƙuwa ta kama shi, wadda ba ta tsayawa ko ya sha ruwa ko bai sha ba. Da muka kai shi asibiti a Yelwa likita ya ce ƙodojin sun riga sun lalace, ya tambaya ko yana fitsarin jini tun yana yaro, ko an taɓa ba shi maganinsa. Ga mutane tsaye, ga ƙannen matata, ga Hajo tana yarinya riƙe da zanen uwarta. Kunya ta kama ni, sai bakina ya ce, an ba shi, uwarsa ce ta zubar. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, shi ya sa ta fita da sauƙi. Matar nan ta dube ni sau ɗaya ta sunkuyar da kai, don ba za ta ƙaryata miji a gaban jama'a ba. Allah ya yi masa rasuwa a makon.

A zaman makoki ma uwar ba ta yi kuka an gani ba, saboda kunyar nan dai. Hajo kuwa sai ta haɗa biyu, ta zubar da magani kuma ga shi ba ta yi kuka ba, tun daga nan yarinyar ta janye daga jikin uwarta ta dawo wajena. Ni ke raka ta makaranta, ni take kawo wa sakamakon jarrabawa, tana cewa saboda Yaya za ta zama likita. Ina ganin yadda take amsa wa uwarta magana a daƙile, ina tsawatarwa sama-sama, amma ban taɓa faɗin dalili ba. Ita ma marigayiyar ba ta taɓa tayar mini da zancen ba, ko sau ɗaya, har ta koma ga Allah shekarar da Hajo ta shiga jami'a. Na ce a raina to an binne maganar ke nan.

Watannin baya hawan jini ya kayar da ni, Hajo ta matsa sai da aka kai ni asibitin da take, aka kwantar da ni ɗakin maza na sashensu. Ba a ba ta ni ba, an ce ɗalibi ba ya duba mahaifinsa, amma ina kallon aikinsu daga gadona. Kowane ɗalibi ana ba shi majinyatansa, ya zo ya ja kujera ya yi ta tambaya, ina ne garinku, mene ne sana'arka, yaushe ya fara, wa ya taɓa yin irinsa a gidanku, har abin da mutum ya manta sai sun tono. Sannan su duba ido da harshe da farce, su ɗora hannu a ciki suna ƙwanƙwasawa da yatsa suna saurare. Akwai wani tsohon Bafillace a gadon hagu da ni, in ya hango su sun shigo da fararen riguna sai ya ce mini, “Sarkin ruwa, gyara ganga, ga makaɗa nan sun iso.” Da hantsi babban likita yake zagayawa, su bi shi a baya kamar 'yan tsaki, a kowane gado mai majinyacin ya fito ya yi bayani da ka, shi kuma ya yi ta jefo tambaya har sai yaro ya haɗa gumi. Ranar da na fara ganin Hajo ta fito tana bayani da Turanci ba gargada, wallahi na ji kamar in tashi in ce wa ɗakin ɗiyata ce.

Sai aka kawo wani saurayi masunci daga wajen Shanga aka kwantar da shi gadon da ke kallon nawa. Kafin in ga fuskarsa na ji shaƙuwar. Jama'a, irin ta ce sak, har tazarar da ke tsakani. Ƙafafu a kumbure, fuska a kumbure, uwarsa na zaune a ƙasa gefen gado tana masa fifita. Da yake Hausarsa ba ta nuna ba, Hajo kuma tana jin yaren mutanen tsibiri, ita aka ba shi. Ina ji ta tambaye shi ko yana fitsarin jini da yana yaro, ya yi murmushi da ƙyar ya ce wane namiji ne bai yi ba. Ta juya ga uwar ta tambaya ko an taɓa raba magani a garinsu, matar ta ce an raba amma bai sha ba. Nan Hajo ta ajiye biro. Ban taɓa jin muryar ɗiyata haka ba, ta yi ta faɗa wa baiwar Allar nan magana, cewa ku iyaye mata ku ke kashe 'ya'yanku da hannunku, a kawo muku magani har gida ku zubar, sai ya lalace ku zo kuna fifita. Matar ta sunkuyar da kai. Ni na san wannan sunkuyon, na taɓa ganinsa. Na ja mayafi na rufe fuskata kamar mai barci.

Nas ta kai ƙara. Washegari a zagaye babban likitan ya saurari bayaninta har ƙarshe, ya ce ta gano ciwon daidai, tsutsar tsargiya ce ta toshe hanyar fitsari shekara da shekaru har ta kashe ƙoda, sai dai a fara yi masa wankin ƙoda. Sannan ya juya harshe zuwa Hausa, ina jin da gangan ya yi don mu ji, ya ce mata shin ta tambayi wa ya hana shan maganin, ko dai ta yanke hukunci ne kawai? Ya ce aikinta ta ɗauki tarihin ciwo, ba ta yi alƙalanci ba, kuma in ya sake jin ta ɗaga wa mai jinya murya ba zai sa mata hannu ta zauna jarrabawar sashen ba. Ya sa ta ba matar haƙuri a gaban kowa, ta bayar, amma ni da na haife ta na san iyakarsa baki.

Da la'asar ta kawo mini fura ta zauna bakin gado, idonta ja. Ta ce, “Baba, ka gane ciwon ga ko? Na Yaya na.” Na ce na gane. Ta ce kullum ta shigo ɗakin shi take gani kwance, kuma tana yi wa Inna addu'a bayan kowace salla amma zuciyarta ta ƙi sakinta, ta ce ƙwaya ce fa Baba, ƙwayar da ake bayarwa kyauta. Sai ta kama hannuna ta ce da kai ne a gida ranar da hakan ba ta faru ba. Na buɗe baki, Allah ya sani na buɗe, sai saurayin nan ya sake shaƙuwa, na ce mata furar ta yi tsami. An sallame ni kafin in san yadda ya ƙare, kuma har yau na kasa tambayarta.

Tun da na dawo gida ban huta ba. Ina cikin sahu a masallaci sai in ji shaƙuwa a bayana, in sallame in waiga ba kowa sai tsofaffin da na sani. In injin jirgi ya yi tari a bakin ruwa gabana ya faɗi. Na daina bi ta bayan tsohon ɗakin marigayiyar, sai in zagaya ta wajen turken awaki. Ba tsoron fatalwa nake ba, na san matacce ba ya dawowa, amma matar nan ta rufa mini asiri har kabari, ni kuma na bar 'yar da ta haifa tana riƙe da ita, kuma yanzu na ga da idona riƙon ya fara zuba a kan matan mutane da ba su ji ba ba su gani ba. Likitoci sun ce in kiyaye, jinin nan zai iya sake kayar da ni ba sallama. In na tafi da maganar, babu sauran mai wanke ta a duniya, don daga ni sai ita muka san abin da aka faɗa a tsakar gida ranar.

Amma kuma ina tsoro. Yarinyar nan ni kaɗai ta jingina da shi, jarrabawar sashen na gabanta, kuma an riga an sa mata ido. In na faɗa mata yanzu, ban san ko za ta iya sake tsayawa gaban gadon mara lafiya ba, ga baƙin cikin abin da na yi, ga na shekarun da ta yi tana juya wa uwarta baya, wadda babu halin ta je ta roƙe ta gafara. Ba zan ɓoye muku ba, har da son kaina a ciki, ba na so ta dube ni da idon da ta dubi matar nan ta Shanga.

Abin da ya sa na rubuto yau, shekaranjiya ta kira ni tana murna. Ta ce in sun gama jarrabawa ita da abokan karatunta za su zo garuruwan bakin ruwa su yi wa iyaye bayanin tsargiya, kuma tana so ni in tashi in yi magana, don mutane za su fi jin dattijo masunci irinsu. Ta ce in ba su labarin Yaya yadda ya faru, in faɗa musu abin da rashin sanin uwa ke jawowa. Na ce mata to, Allah ya kai mu.

To jama'a ku gaya mini tsakani da Allah. In kira ta yanzu in faɗa mata, ko in bari ta gama jarrabawa, alhali ban da tabbacin zan kai? In faɗa mata mu biyu, ko in sa wani babba a tsakani, wanda hakan na nufin asirin ya fita? Malaman cikinku, yaya mutum ke neman yafiyar wadda ta riga ta kwanta dama? Ku 'ya'ya kuma, musamman masu aikin asibiti, in mahaifinku ne, za ku so ku sani ko gara a bar ku da uban da kuke zato kuna da shi? Ku faɗa mini gaskiya ko da zafi, zagi ma na cancanta. Ta ce daga unguwarmu za a fara taron, kuma ta riga ta gayyaci kawunnanta, ƙannen marigayiyar, su zauna a sahun gaba.