Hayaƙin maganin sauro a kwamfutar Bashir

Laraba, bayan Isha'i

Yau Allah ya fid da ni kunya a shagon Bashir mai haɗa bidiyon biki a Badarawa. Kwamfutarsa mutuwa take yi da zarar katin da ke sarrafa hoto a cikinta ya ɗau zafi, ga bidiyon ɗaurin aure da zai miƙa jibi. Shi ya kafe sai na ɗora wa katin sabuwar fanka mai baki uku da ya gani a waya. Na ce ya dakata tukuna.

Ya ce, "Kai Sani, da firamarenka za ka fi masu ƙera ta sani?"

Na kunna maganin sauro na kara a gaban akwatin kwamfutar, muka leƙa ta gilashin gefe. Hayaƙin ya shiga, ya yi ta zagaye a kan katin, ya rasa mafita. Ashe wanda ya haɗa injin duk ciki ya sa fankokin suke hurawa, har ta bayan. Na kwance ta baya da ta sama na juya su, na ɗaure wayoyin da suka tare hanya, muka janye akwatin daga jikin bango.

Ya sa kwamfutar ta fara haɗa bidiyon. Ni dai na san abin da idona ya gani. Ana kiran La'asar bidiyon ya kammala, ba ta mutu ba.

Bashir ya kara hannu a bayan akwatin, iska mai zafi tana dukan tafinsa. Can ya ce, "Injiniya, bar min ragowar maganin sauron nan."