Nasiru, Istanbul Ba Bayan Duniya Ba Ce

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da aikin da ya riƙe ka.

Ƙanena, a nan shafina zan rubuta maka inda kowa zai gani, tunda saƙon murya sai ka saurara ka turo min hoton hannu biyu na addu'a, shi ke nan.

Shekara nawa, in an ce ka zo gida, amsarka ɗaya ce: "Yaya, akwai nisa." Na gaji da jin nisan nan, sai na duba a waya da kaina. Daga Istanbul zuwa Abuja, jirgi ba ya cika awa bakwai a sama. Daga Abuja zuwa Sakkwato kuwa, kafin shayinka ya huce an fara sauka. Wannan ce tafiyar da kake faɗa mana da murya kamar ta mai shirin ƙetare sahara a ƙafa?

Ni fa kowace Juma'a sai na bar yara a Bodinga, na tsaya bakin titi har bas ta zo, na matsu tsakanin buhunan albasa zuwa Shagari don in duba Inna. Ranar da taya ta fashe mana a hanya, da hantsi na fita, sai bayan la'asar na shiga gida. Da tare muka tashi, da ka riga ni taka ƙasar nan.

Dadduma ka aiko, an gode. Ka sake aiko wata, ka ƙara da wata. Yanzu uku ne jere a kan adaka, Inna tana shafa su da hannu, don ba ta ganin zanen.

Idon hagu ya tafi, Nasiru. Na dama ma likita a Sakkwato ya ce magani jinkirta abin kawai yake yi. In ka kira ta bidiyo ka ga ta kawo wayar har bakin hancinta, kai dariya kake yi, ita kuma fuskarka take nema.

Makon jiya wani mai sayen tumaki ya yi sallama a zaure. Dogo ne, muryarsa irin taka. Inna ta miƙe ba takalmi, tana laluben bango tana cewa, "Wanga yaro, shi ne ba ka hwaɗi kana tahe ba?" Mutumin ya rasa inda zai sa kansa. Ni na kamo hannunta na mayar da ita tabarma. Ranar ko tuwo ba ta taɓa ba.

Na san aiki ba wasa ba ne, ba na kuma cewa ka baro shi. Ni na goya ka, na san ba ka da taurin zuciya. Ka dai nemi hutun mako ɗaya. Muryarka za ta ci gaba da ji in Allah ya ja kwana, amma ganin ne ba zai jira hutunka ba.

Allah ya buɗe maka hanya, ya sauke ka lafiya, ya bar wa Inna sauran hasken nan har ta dube ka ta ce ka rame.

Yayarka,
Hadiza