Raƙumar Baba da Basisar Umma

Zuwa ga ƙanwata Hissa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Ubaid. Allah Ya sa aikin da likitocin Kanada suka yi masa ya zama sanadin waraka, Ya dawo mana da ku garinmu Al'Ain kafin dabino ya nuna. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Na zaɓi rubutu ne don in na kira ki Yaya Moza za ta ƙwace wayar ta ba ki labarin yadda ita ce za ta fito da gaskiya. Allah Ya yafe mini in wannan ya zama gulma.

Abin da muka ɓoye miki don kada hankalinki ya rabu biyu shi ne, tun da Umma ta dawo daga asibiti ta rufe bakinta da abinci. Ba abin da ba mu dafa ba, sai ta kalla ta kau da kai. Likita ya ce in ba ta fara ci ba kafin Asabar za a mayar da ita a ɗaura mata ruwa, ita kuma ta rantse in aka sake kwantar da ita a can, sai dai a je ɗauko gawarta. Kin san Umma ba ta rantsuwar wasa.

Ran Laraba da safe sai ta ce tana marmarin basisa, alawar nan ta dabino da soyayyen gari, amma irin tata, ba ta kanti ba. Na yi hamdala, na zauna na cire ƙwallayen dabino ɗaya bayan ɗaya, na narka man shanu, na daka citta da hel, kayan ƙamshin nan na gahawa. Saura soya gari. Kin tuna ƙa'idar da ta koya mana muna yara: a yi ta juya garin alkama a busasshen kasko har sai ya yi launin Gazala, raƙumar Baba. To, Gazala ta mutu tun kafin aurenki. Ni na ce mai launin yashi ce da hantsi. Yaya Moza ta ce wai ni da nake rufe ido in an ɗora ni a kanta, ina na ga launinta, ai ja ce wur kamar zumar dabino.

Na yi tawa aka kai wa Umma. Ta shinshina, ta ce ɗanyen gari a kai wa kaji. Yaya Moza ta yi tata tana taƙama, Umma ta tambaye ta ko gawayin turare ta murƙushe mata. Duka biyun na raba wa maƙwabta don ba na son almubazzaranci, ko da yake har yanzu ina tunanin ko akwai lada a sadakar abin da aka ƙi. Da muka lallaɓa muka tambaye ta launin Gazalar, sai ta ce 'ya'yan da suka sha nonon dabba suka manta kamanninta ba su cancanci amsa ba, ta juya wa bango fuska.

Muna cikin haka sai ga ɗan'uwanmu Halfan ya shigo shan gahawa. Ya saurare mu, ya yi dariya, ya ce mu dai mata ba ma rasa abin musu, ai jikar Gazala tana garkensa, kuma kamarsu ɗaya kamar an tsaga kara. Na ce ya turo mana hotonta. Ya ce hoton waya ƙarya yake yi. Wallahi, Hissa, ban fahimci nufinsa ba sai washegari, da na ji ƙugin babbar mota a ƙofar gida. Ina ɗora kasko, sai ga shi ya jawo raƙuma har tsakar gida, ta tsaya gefen igiyar shanya tana kallonmu kamar mu ne baƙin.

Yaya Moza ta ɗebo gari a ludayi ta fita tana gwadawa a jikinta. Ashe wuyan launinsa daban, tozon daban, cikin ma daban. Ta ce da tozo ake gwadawa, Halfan ya ce kowane mai hankali ya san da wuya ne, suka kira ni in raba gardama. Kafin in buɗe baki baiwar Allah ta miƙa wuya ta tagar ɗakin girki ta sa kai cikin farantin dabinon da na ɓata safiya ina cire wa ƙwallo. Halfan na jan igiya, rawaninsa ya faɗi, Yaya Moza na dukanta da ludayi tana ce masa ga abin da wayonsa ya jawo, babban banza mai gemu. Ni kuwa ina ta roƙonta ta daina, dabba ce, ba a rubuta mata zunubi. Kasko yana kan wuta, ba wanda ya tuna da shi.

Sai muka ji tsawa a bayanmu wai a sauke kaskon nan yanzu-yanzu. Umma ce tsaye a bakin ƙofa, da sandarta, mayafi a karkace, matar da ko banɗaki sai an riƙe ta. Ta karɓe muciya a hannuna, ta ce mu ukun nan an yi asarar nono. Ita tun da take ba ta taɓa duba wata raƙuma ba, hanci ne ke gaya wa mutum gari ya yi. Ta ce maganar Gazala ta ƙirƙiro mana ita ne don mu kafa wa kasko ido mu bar gudu waje wasa. Daga nan ta kalli raƙumar daga sama har ƙasa, ta ce wa Halfan ba shakka jikar Gazala ce, don kakar ma ɓarauniya ce.

Aka kawo mata kujera, muka sake cire ƙwallon wani dabinon, ta zuba gari da man shanu tana murzawa da hannunta. Ta gutsura ta ɗanɗana, ta ce citta ta yi kaɗan. Aka ƙara, ta sake ɗanɗanawa, ta ce yanzu kuma man ne. Yaya Moza ta fara ƙirga lomar da yatsu, na taka mata ƙafa saboda baki. Da Halfan ya ce ma sha Allah Umma na cin abinci, sai ta harare shi ta ce wa ya ce masa ci take yi, gyara take yi. Ta nemi gahawa wai ta wanke baki, na yi ta zuba mata, an daɗe kafin ta girgiza kofin, alamar ya ishe ta. Na shiga ɗaki na yi sujada, na ɗan yi kukana.

Ran Asabar likita ya ce ba sai an kwantar da ita ba. Yanzu ta yanke hukuncin ba wanda ya iya girki a gidan nan, kullum tana bakin murhu tana gyara mana shinkafa da kifi. Yaya Moza da gangan take rage gishiri don a daɗe ana gyaran. Na so in tambayi malam ko hakan yaudara ce, sai na ga gara in bari Umma ta ƙara ƙiba tukuna.

Ki gaida Ubaid da jiki, ki gaida yaranki, Saif da 'yar lelena Alya. Yaya Moza na gaishe ki. Umma ta ce a aika miki da gwangwanin basisa, kuma in za ki yi taki, ki yi aiki da hancinki. Halfan kuwa ya ce in hancin ya toshe saboda sanyin can, raƙumarsa a shirye take.

Yayarki mai yi miki addu'a kullum,
Ausha