Rumbun Maigari Mahaman

Birnin Konni, 12 ga Maris 2005

Zuwa ga mahaifina Malam Barmo,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina fatan kana lafiya, da Inna da mutanen Tsarnawa baki ɗaya. Ya ƙafar taka? Don Allah ka bar zuwa kasuwa a ƙasa, kabu-kabu bai fi ƙarfinmu ba.

Baba, aikin binciken da anka ɗauke ni ya kankama, amma raina a ɓace yake. Mu takwas muke zagaya ƙauyuka da takardun tambayoyi. Da takardun ne gwamnati za ta san inda farar dango ta bara da fari sunka fi yin ɓarna, ta kafa bankin cimaka, wato ma'ajiyar hatsin agaji. Shugabanmu Junaidu, wanda muke ce ma Mushe irin na Faransanci, ɗan Yamai ne, mutumin kirki, sai dai bai taɓa kwana a ƙauye ba. Dokarshi ita ce duk rumbun da anka liƙe bakinshi da laka a rubuta cike yake.

Mun je Gidan Chindo, bayan Tajaye. Rumbuna sittin da uku, duka a liƙe. Matasa sun tafi cin rani, dattawa kuwa kowa ka tambaya sai ya ce Alhamdulillahi. Shi ke nan, anka cire garin daga listar masu samun agaji. Haba! Yini guda na yi a garin ban ji ƙarar turmi ba. Ba kaza ko ɗaya a gindin rumbu, ba layin tururuwa. Wata mata, Saude, na ga anza, 'ya'yan dajin nan masu ɗaci da ake ci sai da yunwa, tana jiƙe a kwaryarta, da ta gan ni ta jawo faifai ta rufe. Na gaya ma Mushe, ya ce bincike hujja yake so, shirun turmi ba ya shiga rahoto. Ranar ashirin ga wata za a kai listar Yamai.

Ka sa ni a addu'a. A gaida Inna.

Ɗiyarka, Raihanatu

Tajaye, 18 ga Maris 2005

Baba,

Ina gaisuwa, ina fatan kun tashi lafiya. Wannan takardar ka karanta da kanka, kar ka ba kowa. Na yi maka laifi.

Shekarar yunwar nan, ina da shekara bakwai, ka liƙe rumbunmu ka ce na damina ne, kar a taɓa. Wata rana kuna gona na hau, na ɓanɓare gefen murfin na leƙa. Babu komi, Baba, sai ƙaiƙayi. Na mayar da lakar na shafe da yawu. Shekara ashirin da ɗaya ban faɗa ma kowa ba, ko Inna. Sai da na girma na gane ba ƙarya ka yi ba, asirin gida ka rufa.

Jiya na roƙi Mushe ya maida mu Gidan Chindo, ya ce in munka yi asarar mai a banza, aikina ya ƙare. Na ce na yarda. Na samu maigari Mahaman shi kaɗai a zaure. Ban ce mashi rumbunshi wayam yake ba, wa ni! Labarinka na ba shi, da sunanka, don ya san ka tun kuna fataucin albasa. Na ce mashi a shekarar nan ne ƙanena Mas'udu ya rasu, rumbu na liƙe.

Ya saurare ni har na gama. Can ya tashi ya ɗauki gatari, ya sa anka tara gari. Ya ce in babba ya fara tuɓe hula, yaro ba ya jin kunyar kanshi. Tsoho ɗan shekara saba'in ya hau tsani da kanshi, ya fasa lakar rumbunshi, ya ce ma Mushe bismilla. Mushe ya hau ya leƙa, ya sauko bai iya kallon kowa ba. Kafin la'asar an buɗe duka sittin da uku. Guda biyar kaɗai ke da hatsi.

Wallahi na yi murna har na yi kuka. Amma da asirinka na sayo wannan nasarar, ban kuwa nemi izini ba. Ka yafe mani.

Ɗiyarka, Raihanatu

Birnin Konni, 2 ga Mayu 2005

Babana,

Gaisuwa da fatan alheri, da kai da Inna. Albishirinka! Shekaranjiya motoci biyu sunka sauke gero a Gidan Chindo. Saude ce anka ba makullin bankin, ga ta nan da shi rataye a wuya sai ka ce sarƙar biki. An sake zagaya ƙauyuka goma sha ɗaya na Ilela da Malbaza, bakwai sun koma lista. An soke dokar liƙaƙƙen rumbu, yanzu mata ake tambaya sau nawa anka yi daka jiya. Mushe ya sa sunana a rahoton, har yana tsokanata wai ni ce dokta, shi ɗan lakwal, wato ɗan makaranta.

Takardarka ta iso, na karanta ta ya fi sau goma. Sati shida ina zullumi, ashe layi uku za ka rubuto! Ka ce ba abin yafewa. Ka ce tun ranar ka ga shatin 'yan yatsuna a lakar murfin, kuma saboda ranar ne da damina ta wuce ka kama hannuna ka kai ni lakwal, duk da surutun dangi.

Ashe ni ina rufa maka asiri, kai kana rufa mani. Ina nan tafe ran Juma'a, Baba. Ka ce ma Inna ta fiddo turmi.

Ɗiyarka mai ƙaunarka,
Raihanatu Barmo