Ƙyauren Ɗakin Laure

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025

Iddar Laure ta cika, yau 'yan'uwanta suka zo kwasar kaya. Gado, kwalla, kujeru, duk na ƙyale su suka kwasa. Sai na ga wanta Arzika yana kwance ƙyauren ɗakin. Na ce, "Har shi?" Ya ce Baba Hodi ya sassaƙa wa ɗiyarshi, ba gidan ya sassaƙa wa ba. Gaskiya ce. Na yi dariya har na taya shi ɗorawa a mota, don kada maƙwabta su samu na faɗi.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Ɗakin na kallon tsakar gida da baki buɗe.

Laraba, 8 ga Oktoba

Sodiq kafinta, Bayaraben da ya fi ni Hausar Kabi, ya kawo sabon ƙyaure na shago. Ƙyauren bai shiga ba. Firam ɗin ƙofar ya karkace tun shekarar da ambaliya ta zaunar da bangon. Lokacin Baba Hodi ya zo daga Argungu da kayanshi na sassaƙar jirgin ruwa, ya bi karkacewar ya rage wa ƙyauren gefe har ya zauna. Sodiq ya ce shi ma zai rage wa wanga, ya cike ramukan tsohon hinji da gam da garin katako, ya huda sabbi. Na ce ya dakata, katakon bai yi min ba. "Oga Sunusi, kai ka zaɓe shi ko!" Na ce ido na canzawa.

In ya cike ramukan, tsohon ba ya komawa. Wannan ban gaya mashi ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Saki ɗaya ne, ana iya sabon ɗauri. Ni dai na san ciniki: wanda ya fara waiwaye shi ke sayarwa da araha. Shekaruna nawa ina dillancin shinkafa, mutanen Zauro su yi fushi su ɗaure buhu, in juya baya, kafin in kai bakin rumfa sun kira ni. Wata uku ina tafiya a hankali ina jiran kiran Laure.

Litinin, 13 ga Oktoba

Sodiq ya dawo, na ce mashi zazzaɓi nake. Ya leƙa ya gan ni da kwanon tuwon dawa. "Allah ya ba mu irin ciwonka, Oga."

Dabara ta zo min. In je wurin Baba in ce ƙyauren shago ya ƙi shiga, ya sayar min da tsohon. Maganar katako ce kawai, ba biko na je ba. In ƙyauren ya dawo, mai shi ta san hanya.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Na je Argungu bayan masallaci, da goro da turare.

Baba Hodi na gindin bishiya yana toshe wani jirgi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar da. Na shimfiɗa zancen yadda na tsara a mota, har da tarihin ambaliya. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Shiga ka gani, ɗana."

Ƙyauren yana rataye a ƙofar ɗakin da Laure ta tashi a ciki. Ƙofar gajera ce. An yanke mashi kusan taki guda daga ƙasa, bakin yankan ja sabo, katakon maɗacin har yanzu yana ƙamshi.

Ta fito da faranti a hannu. Ta yi kyau, abin haushi. Na ce ai kafinta na iya ƙara mashi guntu. Ta ce guntun sun hura wuta da shi. Na ce Baba ya yi gaggawa.

"Ni na riƙe mashi yana yankawa, Sunusi."

Tun da muka yi aure ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Malam take cewa, ko a cikin faɗa.

Bakin da ke sayar da shinkafar bara a matsayin ta bana, yau sallama kawai ya iya. Na ce a gaida gida. Gidan wa, oho.

Asabar, 18 ga Oktoba

Ban fita kasuwa ba.

Talata, 21 ga Oktoba

Sodiq ya zo da safe. Ya jingina ƙyauren, ya zana da fensir, ya fitar ya rage, ya sake gwadawa, har ya zauna. Yau ba tsokana, ina jin labari ya riga ni dawowa. Da ya kai ga ramukan hinjin sai ya tsaya da gam a hannu yana dubana. Na ce mi kake jira, rana na yi.

Ya cike. Ya ce in danna da yatsa kafin ya bushe, na danna.

Ƙyauren ba laifi, ba nauyi kamar wancan. Na sa an shigar da buhunan da ke zaure cikin ɗakin, dama ɓeraye sun dame su. Na ja sakata.