Na Yanke Karan Furen Babanki

Lembang, Indonesiya,
ranar Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga 'yata Nining,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da tsohuwar da kike jinya a can Taiwan. Allah Ya ba ta sauƙi, ke kuma Ya tsare miki mutuncinki da sallarki a ƙasar mutane. Mu nan da godiya. Damina ta kankama, gwiwata ta dama ta soma halinta. Ƙaninki Dadan yana nan yana kai kabeji kasuwa a kan babur, matarsa Lilis ta kusa sauka. Na zaɓi in rubuto ne domin a waya da na ɗauko magana sai ki ce layi ba kyau. Takarda ba ta da wannan uzuri.

Maganar farin furen nan na babanki ce, anggrek, wanda ke rataye a baranda tun kina goye. Kin san tun da ɓarin jikinsa ya shanye ya bar gona, ba shi da abin da yake tashi dominsa sai wannan fure. Kin kuma san yadda ya koya muku. In furanni suka zube, hanya biyu ce. Ko a yanke karan sama da gaɓa ta biyu, ya yi reshe ya sake fure cikin 'yan watanni, ko a yanke shi daga gindi, shukar ta huta ta tara ƙarfi. Ta farko dabara ce da ake yi sau ɗaya a haƙura. Shi da bakinsa yake cewa mai tilasta wa anggrek fure a jere ba mai son fure ba ne, mai haɗama ne.

To, shi ne ya karya dokarsa. Da kika ce za ki zo ƙaramar Sallah, furen yana ƙarewa, sai ya sa Dadan ya riƙe masa tukunyar, ya yanke sama da gaɓa da hannun hagu, wai don ki tarar da shi a buɗe. Ya buɗe, ba ki zo ba. Kika ce sai babbar Sallah, ya sake yankewa. Kika ce sai ƙarshen shekara, ya nemi gaɓar da ta rage ya yanke. Furannin da suka fito a wannan karon ƙanana ne, ba su fi kan babban yatsa ba. Ganyen ya yi laushi ya tattare kamar bayan hannuna, jijiyoyin suka koma ruwan toka. Maƙwabciyarmu Kokom, kin san bakinta, ta leƙo ta katanga ta ce ai furen babanki Dudung ya riga mai shi tsufa, a haɗa su a kai asibiti a babur ɗaya. Babanki ya yi dariya da rabin bakinsa. Ni ban ga abin dariya ba.

Ranar Asabar da kika bugo kika ce kin ƙara kwantiragi, sai watakila bayan azumi, na ga yana laluben almakashi a ƙarƙashin tabarmarsa. Na ce masa babu sauran gaɓa a jikin karan nan, babu sauran ƙarfi a shukar, in ya sake taɓa ta gawa zai rataya a baranda. Ya ce ba ruwana, furensa ne. Na bari sai da ya shiga wanka, na gasa almakashin a wuta, na yanke karan daga gindi, na barbaɗa garin kirfa a kan ciwon kamar yadda yake yi. Na sauya gawayi da ɓawon kwakwar da ke cikin tukunyar, na mayar da ita inuwa. Abin da na yi daidai ne, kuma ko gobe zan sake yi.

Da ya fito ya ga ganye tsirara, bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya tambaye ni yaushe za ta sake fure, na ce in ta rayu, sai ta shekara. Ya daɗe yana kallon tukunyar, sannan ya ce, "Ita kin ba ta shekara, Imas. Ni wa zai ba ni?" Tun ranar bai fito baranda ba. Shinkafa da busasshen kifin da yake so sai in kai masa, ya ci loma biyu ya ture. Dadan ya yi ta tsokanarsa, wai tsoho ya yi yaji kamar amarya, ko kallonsa bai yi ba.

Nining, ban raina aikinki ba. Rufin gidan nan da maganin babanki daga guminki suke, Allah Ya saka miki. Amma alkawari ba abin wasa ba ne, ko da ga iyaye aka yi shi. Kina ambaton rana don ki kwantar mana da hankali ki ajiye waya, shi kuwa a nan almakashi yake ɗauka. Kina wanke uwar wasu kina ba ta abinci a baki, ladanki yana wurin Allah, amma naki uban ni kaɗai ke juya shi, kuma na gaji. Kada ki sake faɗa mana wata rana sai tikiti yana hannunki. In za ki zo, ki zo ki tarar da ganye, ba fure za ki gaisar ba. Jiya na ga kan wata sabuwar jijiya kore tana leƙowa, don haka ina jin shukar za ta iya jira. Babanki ne ban sani ba.

Dadan da Lilis suna gaishe ki, haka gwaggonki Entin da yaranta. Kokom ma ta ce a gaishe ki. Ki gaishe da Yayah da kuke ɗaki ɗaya, ki ce mata uwarta lafiya lau. Na tambayi babanki ko yana da saƙo, ya ce a ce miki ki riƙa sa rigar sanyi.

Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki,
Imas